Na'urar Da Ke Tsakanin Bakinmu Da Kunnen Mai Sauraro



Yau maganar murya za mu yi, domin rubutun Hausa ya fara komawa inda ya fito, wato kunne. Littafin da a da sai an je kasuwa an sayo ko an karɓo haya, yanzu ana sauraronsa a YouTube, ana karanta shi a gidajen rediyo, ana tura shi babi-babi a WhatsApp. Uwargida tana girki tana ji, ɗan adaidaita yana tuƙi yana ji, wanda bai yi karatun boko ba shi ma ya samu shiga. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Da yawa daga cikinmu mun fara naɗar waƙoƙinmu da gajerun labaranmu, wasu da wayar hannu, wasu a sitidiyo. To tsakanin bakin mai karatu da kunnen mai sauraro akwai wata na'ura da ba ma ganinta, mun damƙa mata kalmominmu, alhali yawancinmu ba mu san abin da take yi da su ba.

Masu sana'ar suna taƙaita sunanta da DSP, ma'ana masarrafin sauti na dijital. Wasunmu da suka ratsa kwalejin kimiyya da fasaha sun haɗu da ita a aji, amma kowa ya taɓa amfani da ita ko bai sani ba. Tana cikin wayarmu, ita ce ke hana mu jin muryarmu tana dawo mana idan muna kira. Tana cikin mikisar da ake haya wurin biki. Tana cikin fiyanon Yamaha da ya shiga sitidiyoyin Kano a shekarun 1990 ya sauya kiɗan finafinan Hausa, kamar yadda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi bayani a rubuce-rubucensa. Wanda ya duba irin waɗannan fiyanoni da kyau, a jikin da yawansu zai ga maɓalli an rubuta masa waɗannan haruffa uku.

Bari mu fara da yadda murya ke shiga cikinta. Sauti kaɗawar iska ce. Idan muka yi magana iska tana kaɗawa, makirufo ya mayar da kaɗawar nan wutar lantarki mai hawa da sauka, sai wani sashe ya riƙa auna tsayin wutar yana rubuta lamba. A ma'aunin faifan sidi, ana yin wannan awo sau 44,100 a cikin sakan ɗaya, kuma kowane awo yana faɗawa kan ɗaya daga cikin matakai 65,536. Kun ga ke nan minti ɗaya na karatunmu ya zama lambobi 2,646,000 a jere. An zaɓi wannan adadi ne saboda kunnen ɗan Adam yana jin kaɗawa daga 20 zuwa kamar 20,000 a sakan, kuma ƙa'idar ita ce sai awo ya haura ninki biyu na mafi sirin sautin da ake son kamawa.

Da zarar murya ta zama lambobi, duk abin da ya rage lissafi ne, kuma lissafin da muka koya tun firamare: ninkawa da tarawa. A ninka kowace lamba da biyu, murya ta ƙara ƙarfi. A raba ta biyu, ta yi ƙasa. A ajiye lambobin a gefe, bayan an ƙirga guda 22,050, wato rabin sakan, a dawo da su a tara a kan na yanzu bayan an rage musu ƙarfi, sai ga eko, abin da iyayenmu ke kira amsa-kuwwa. A riƙa haɗa kowace lamba da maƙwabtanta ana ɗaukar matsakaici, sai siraran sautuka su dushe, murya ta yi kauri kamar daga bayan ƙofa ake magana. A ce duk lokacin da lamba ta wuce wani mataki a dannata ƙasa, sai tsawa da raɗa su matso kusa da juna, mai sauraro ya huta da murɗa maɓallin ƙara. Abin da ya bambanta wannan na'ura da sauran shi ne an ƙera ta don ta yi ninkawa da tarawar nan cikin tsananin sauri, ta gama da lamba ɗaya kafin ta gaba ta iso.

Sai mun waiwayi yadda ake yi a da za mu gane girman abin. Kafin zuwanta, kowane irin ado na sauti da kayan aikinsa daban. Mai son muryar mawaƙi ta yi amo kamar a babban zaure, sai ya gina ɗaki na musamman, ya sa lasifika a kusurwa ɗaya da makirufo a ɗayar. Sitidiyon Abbey Road da ke Landan da na Capitol da ke Amurka sun shahara da irin waɗannan ɗakuna. A 1957 wani kamfanin Jamus mai suna EMT ya fito da faffaɗan farantin ƙarfe da ake rataye shi cikin akwati, sauti ya girgiza shi a kama amonsa. Nauyin akwatin ya haura kilo 250. Mai son eko kuwa, sai ya nemi na'urar da zaren kaset ke zagaye a cikinta, wani kai yana naɗa, wani yana maimaitawa. Ɗaki ba zai zama faranti ba, faranti ba zai zama zare ba. Wanda ke son uku sai ya sayi uku.

A 1976 kamfanin nan na EMT ya fitar da na'urar da ke ƙirƙirar amon ɗaki da lissafi zalla. A 1983 kamfanin Texas Instruments ya fitar da 'yar ƙwayar TMS32010, wadda ke aiwatar da umarni miliyan 5 a sakan, kuma aka ba injiniyoyi damar rubuta mata umarnin da suke so. Nan sassaucin yake. Ƙwayar ɗaya ce, in an ba ta wannan umarni ta zama ɗaki, in an sauya ta zama eko, in an sake sauyawa ta zama matatar da ke tace ƙara. Yau ma ba sai an sayi akwati ba, kwamfuta da waya suna yin lissafin da kansu. Manhajar Audacity, wadda ta fito a 2000, kyauta ce, kuma a cikinta akwai abin da babban sitidiyo na shekarun 1960 zai cika ɗakuna kafin ya tara.

Me wannan zai yi wa marubuci? Abubuwa da yawa, kuma masu amfani ne. Wutar lantarki a Najeriya da Nijar tana kaɗawa sau 50 a sakan, shi ya sa idan waya ko caja ba ta da kyau ake jin wani gurnani a ƙarƙashin murya. Ana iya umartar na'urar ta cire kaɗawa 50 da ninkinta, 100 da 150, ta bar sauran. Muryar namiji ba kasafai take sauka ƙasa da kaɗawa 85 ba, ta mace kuwa ta fi haka sama, don haka in an yanke duk abin da ke ƙasa da 80, rugugin babbar mota da motsin tebur sun tafi, murya ba ta rasa komai ba. Tsofaffin kasusuwan su Alhaji Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos da ke huci, da irin wannan dabara ake rage hucin. Mai karatu ɗaya zai iya ɗan ɗaga muryarsa ta na'ura idan yaro ne ke magana a labarin, ya ɗan sauke ta idan tsoho ne. Muryar aljanin da ke firgita mu a fim ma sauke murya ce aka yi ƙasa sosai aka lulluɓe ta da amo.

Akwai wata dabarar da ta fi burge mu. Idan aka shiga wani wuri aka tafa hannu sau ɗaya, ko aka fasa balan-balan, aka naɗi yadda amon ya bazu har ya mutu, to an kama halin wurin. Na'urar za ta iya ɗora wannan hali a kan kowace murya, sai a ji kamar a can aka yi maganar. Kamfanin Sony ya fitar da na'ura mai yin haka nan take a 1999, yau kuwa manhajoji na kyauta suna yi. Mu yi tunanin marubucin da labarinsa ke faruwa a zauren wani attajiri na zamanin da. Zai iya zuwa tsohon soro na ƙasa da azara, irin na Gidan Makama a Kano, ya nemi izini ya tafa hannu, ya dawo da amon zauren a aljihunsa. Gine-ginen ƙasa suna ƙarewa a garuruwanmu, ana ɗaukar hotunansu kafin su faɗi, kuma amonsu ma abin adanawa ne.

To amma na'urar da ke iya duk wannan ba ta jin Hausa. Lambobi take gani, ba ta san inda ma'ana take ba. A nan ne hatsarin yake gare mu, domin harshenmu ya ajiye ma'ana a wuraren da adon sauti ya fi taɓawa.

Mu ɗauki tsawon wasali. A rubuce “gashi” ɗaya ne, amma baki ya san gashin kai daban, gashin nama daban, kuma tsawon wasalin farko ne kawai ya raba su. Haka “dafa” ta tukunya da “dafa” ta kafaɗa. Aikin amo shi ne ya ja wa sauti jela, ya sa ya daɗe bayan baki ya rufe. In an cika shi, gajeren wasali ya yi jela, dogo ma ya yi jela, bambancin ya fara dushewa. Eko kuma ya fi ɓarna. Gaɓar magana ba ta kai rabin sakan ba, saboda haka maimaicin gaɓar da ta wuce yana faɗowa ne daidai kan wadda ake furtawa. Duk wanda ya taɓa zama a taron da mai lasifika ya murɗe eko har ƙarshe ya san yadda ake jin mai jawabi sau uku ba a fahimce shi ko sau ɗaya ba.

Sai baƙaƙe. Wasula ke ɗauke da ƙarfin murya, amma baƙaƙe ke raba kalma da kalma, kuma su raunana ne, suna zaune a siraran sautuka na sama. Tsohon layin tarho yana wuce kaɗawa 300 zuwa 3,400 ne kawai, shi ya sa “f” da “s” ke rikicewa a waya har sai an maimaita suna. Manhajar rage ƙara tana aiki ne ta hanyar koyon kamannin ƙarar sannan ta cire duk abin da ya yi kama da ita. Matsalar ita ce hucin fanka da hucin “s” da “sh” da “h” 'yan gida ɗaya ne. In an matsa mata, sai ta haɗa da su ta cinye, ta kuma shafe ɗan fashewar da ke raba “ƙafa” da “kafa”, ko “ƙare” da “kare”. Mu da ke faɗa kullum a kan a sa wa ƙ da ɗ da ɓ lanƙwasarsu a rubuce, bai kamata mu bari a goge ta a sauti ba.

Na uku shi ne karin sauti, kuma a nan labarin Auto-Tune ya shigo. Wani injiniya Ba'amurke mai suna Andy Hildebrand ne ya ƙirƙire ta. Tun farko aikinsa nazarin girgizar ƙasa ne don neman man fetur, sai ya juya irin wannan lissafi kan muryar ɗan Adam, kamfaninsa Antares ya fitar da manhajar a 1997. Manufarta ita ce idan mawaƙi ya ɗan kauce wa matakin da ya nufa, ta janyo shi a hankali ba tare da kowa ya lura ba. A 1998, a waƙar Believe ta mawaƙiya Cher, aka sa saurin janyowar a ƙarshensa, sai murya ta riƙa tsalle daga mataki zuwa mataki kamar ta inji. Abin da aka yi don ɓoye gyara ya zama ado, ya zagaye duniya, ya iso sitidiyoyinmu ya zauna daram.

Ba mu zo yanke wa mawaƙa hukunci ba, salo ne, kuma yana da masoyansa. Abin lura gare mu shi ne Hausa tana da kari mai hawa, da mai sauka, da mai faɗuwa. “Kuka” na hawaye da “kuka” ta miya kari ne ya raba su. “Kai” da muke ce wa namiji a sama yake tsaye, “kai” na bisa wuya kuwa daga sama yake zamowa ƙasa cikin gaɓa ɗaya. Wannan zamowar ita ce ainihin abin da Auto-Tune ke kallo a matsayin kuskure idan an tsananta ta, sai ta datsa gangaren ta mayar da shi matakala. A waƙar kiɗa, launin waƙar da sauran kalmomi suna taimakon kunne ya cike gurbin. A karatun labari, ko rubutacciyar waƙa da ake rerawa ba kiɗa, murya ita kaɗai ce a fili, ba ta da mai rufa mata baya. Kalangu ma da yake magana, wannan hawa da saukar yake kwaikwayo. Abin da ya isa ya sa fata da tsarkiya su yi magana ba ƙaramin abu ba ne a harshe.

Mun ga wannan da kunnenmu a wani zaman karatu na ƙungiyarmu. Wata 'yar uwa ta kai gajeren labarinta wani sitidiyo aka naɗa, ta kawo mu saurara. Labari ne na uwa da 'yarta a daren da za a kai amarya, duk ƙarfinsa yana cikin maganganun da ake yi ƙasa-ƙasa. Mai haɗa sautin ya ɗora mata tsarin da ya saba ɗora wa mawaƙa, da amo mai yawa, da eko, da gyaran kari. Muka ji uwa tana yi wa 'yarta nasiha kamar daga cikin rijiya. Wurin da ya kamata ɗaki ya yi tsit, sai wasu suka fara murmushi. Allah ya taimaka bai goge ɗanyen sautin ba. Da aka koma aka yi masa bayanin labarin, cikin 'yan mintuna ya kashe gyaran karin, ya cire eko, ya bar ɗan amo kaɗan kamar na ƙaramin ɗaki mai labule. Kwamfutar ba ta sauya ba, manhajar ba ta sauya ba, muryar ma ita ce. A zama na gaba da aka sake saurare, har aka gama ba wanda ya yi tari. Shi ma ba mugunta ya yi ba, babu wanda ya taɓa gaya masa cewa karatu daban, waƙa daban.

Akwai kuma abin da na'urar ba ta iya dawo da shi. Matakan nan 65,536 suna da rufi. In mai karatu ya kafa baki a kan makirufo ya ɗaga murya har lambobin suka bugi rufin, saman sautin ya yanke, ba a rubuta shi ba balle a nemo shi. Manhajojin gyara sai dai su yi hasashe. Amon ɗaki ma haka, ƙara shi abu ne mai sauƙi, cire wanda ya riga ya shiga kuwa aiki ne ja, kuma yakan bar tabo. Saƙon murya na WhatsApp yana matse sauti ya zubar da wani sashe don fayil ya yi ƙarami, abin da ya zube kuma ya zube. Rigakafi ya fi magani.

Saboda haka ga abin da muka koya muke kuma yi. Muna naɗa a ɗakin da ke da katifa da labule da kaya a rataye, domin suna shanye amo. Ɗakin siminti mai tayil da babu komai a ciki shi ne mafi muni, ɗakin ƙasa kuwa sau da yawa ya fi shi. Muna jira a kashe janareta, domin ƙararsa tana hawa da sauka, ba ta tsaya wuri ɗaya da za a yanke ta kamar gurnanin wuta ba. Muna barin kamar taƙi ɗaya tsakanin baki da makirufo, mu ɗan karkata shi gefe don kada iskar “f” da “b” ta buge shi. Kafin mu fara karatu muna yin shiru na sakan 5 ko 10, saboda manhajar rage ƙara ta samu samfurin da za ta koya. Ba ma naɗa kai tsaye a WhatsApp, muna amfani da manhajar naɗar sauti mu ajiye fayil mai inganci.

Wajen gyara, muna fara yanke rugugin ƙasa, sai rage ƙara da sauƙin hannu, sai daidaita tsawa da raɗa, amo ne ƙarshe, shi ma kamar gishiri a miya. In a sitidiyo ne, muna gaya wa mai haɗa sauti tun farko cewa karatu ne, ba ma son gyaran kari, kuma ya ba mu ɗanyen sautin tare da wanda ya gyara. Wanda ke da ɗanyen zai iya sake gyara shi ta hanya goma ko bayan shekara goma. Daga nan sai gwaji na ƙarshe: mu kunna a ƙaramar waya mai lasifika ɗaya, mu ba wanda bai taɓa karanta labarin ba, mu ce ya maimaita mana abin da ya ji. Yawancin masu sauraronmu a irin wannan waya za su ji mu, a cikin hayaniyar gida ko ta kasuwa. Duk kalmar da ya ce “me aka ce?” a kanta, can za mu koma.

Muna kwana muna neman kalmar da ta dace, mu goge, mu sake, mu yi gardama a kan waƙafi ɗaya. Ya kamata wannan kulawa ta raka kalmar har ta shiga kunne. Ba sai mun zama injiniyoyi ba, ya isa mu san sunayen abubuwan nan da aikin kowanne, yadda za mu iya zama kusa da mai haɗa sauti mu ce rage wannan, kashe wancan.

Wanda ke da shafi ɗaya na rubutunsa, ya gwada a wannan makon. Ya naɗa sau ɗaya, ya yi kwafi biyu, ɗaya ya cika masa amo, ɗaya ya bar shi da ɗan kaɗan, ya ba mutum biyu su saurara, sannan ya zo ya ba mu labarin abin da suka ce.